A Gwada Jariri Kafin Ranar Suna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila, da kuma abin da binciken ƙwayoyin gado ya daɗe da tanadar mana amma har yau ba mu miƙa hannu mun karɓa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da 'yar ƙanwata ta shiga. Iyayenta sun yi gwaji kafin aure a wani ɗakin gwaji, aka ba mijin takarda cewa jininsa AA ne, wato ba ya ɗauke da ƙwayar gadon sikila, aka ɗaura aure hankali kwance. Yarinyar tana da wata goma sha ɗaya hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta kwana uku tana kukan da ba ya lallasuwa, ana ɗura mata maganin zazzaɓi da jiƙe-jiƙe, kafin wata likita ta ce a duba jininta. Ta fito SS, wato tana da sikila domin ta gaji ƙwayar cutar daga uwa da uba duka, da aka sake gwada mahaifinta kuwa sai ga shi AS, mai ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwon ba. Na yarda da ƙaddara, amma watannin da yarinyar nan ta yi babu kariya ko ɗaya sakacinmu ne.

Sikila ce cuta ta farko da masana suka bi sawunta har cikin ƙwayar sinadarin da ke haddasa ta. A shekarar 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya bambanta a jikin masu cutar. A 1956 kuma Vernon Ingram, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya gano inda bambancin yake. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin kamar carbi take mai ƙwaya 146, kuma ƙwaya ta shida kaɗai ce ta sauya, saboda sauyin harafi guda a rubutun DNA da ɗa ke gada daga uwa da uba. Wannan ɗan sauyi ne ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi mata ƙaranci, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120 da lafiyayyar ƙwaya ke yi.

Wannan ilimi ne ya bayyana dalilin da ya sa jariri mai sikila yake zama garau a watannin farko. Yana zuwa duniya da himogulobin irin na ɗan tayi, wanda ba ya lanƙwashewa, sai a hankali jiki ya daina yin sa, wajen wata shida cutar ta fara nuna kanta. A kan wannan hikima ta Ubangiji aka gina sabon maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ana ɗibar ƙwayoyin asali na ɓargon majinyaci, a yi amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR a raunana ƙwayar gadon da ke rufe himogulobin ɗan tayi, sannan a mayar masa da su. Na yi murna da wannan labari ƙwarai, sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ga jinyar makonni a asibiti bayan an share tsohon ɓargo da magunguna masu ƙarfi. Nijeriya, ƙasar da ake haifa mata kimanin jarirai 150,000 masu sikila a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, ba za ta zauna tana jiran wannan ba.

Abin da ke hannunmu ba kaɗan ba ne. Tun 1986 bincike a Amurka ya tabbatar da cewa ba ƙananan yara masu sikila fenisilin a kullum yana rage musu mugun ciwon ƙwayoyin cuta da ke kashe su kafin su kai shekara biyar. Maganin haidiroksiyuriya, wanda shi ma himogulobin ɗan tayi yake ƙarawa, ƙwaya ce da ake sha a gida. A nan Kano likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da abokan aikinsu na Kaduna da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada shi a kan yaran da na'urar duba jijiyoyin kai ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, bai gaza ninkinsa ba wajen kare su. Duk waɗannan kuwa ba sa amfanar yaron da ba a san yana da cutar ba.

Na yaba wa gwamnatin Kano bisa dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a watan Mayun 2024, amma takardar gwaji ba ta fi ingancin gwajin da aka yi ba. Akwai tsohon gwajin da iyakarsa ya nuna akwai sinadarin sikila a jini, ba ya raba AS da SS, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku sakamakonsa na iya fitowa ba daidai ba. Ya kamata hukuma ta tantance ɗakunan gwajin da liman zai karɓi takardarsu, ta kuma tanadi cibiyoyi masu na'urar zamani inda za a tabbatar da duk sakamakon da ake shakka a kansa. Haka nan a riƙa zaunar da masu niyyar aure a yi musu bayani, domin na sha jin ana cewa idan AS ya auri AS ɗa na huɗu ne zai zo da cutar. Ba haka ba ne: kowane ciki da nasa rabon, kashi ɗaya cikin huɗu, kuma yana iya faɗa wa ɗan fari da mai bi masa a jere. A kuma daina kallon yarinya mai AS kamar marar lafiya, tunda kusan ɗaya cikin kowane 'yan Nijeriya huɗu haka jininsa yake.

Babban roƙona shi ne a mayar da gwajin jarirai wajibi kuma kyauta. Yanzu akwai 'yan tsinkayen gwaji da ke aiki da ɗigon jini daga diddigen jariri, ba sa buƙatar lantarki, suna ba da amsa cikin mintuna kaɗan, kuma ma'aikaciyar lafiya a asibitin sha-ka-tafi za ta iya koyonsu. Tunda mata da yawa a gida suke haihuwa, a haɗa gwajin da allurar rigakafin farko ta BCG, a kuma sa ungozomomi da masu unguwanni su tunatar da iyaye kafin a yanka ragon suna. Duk jaririn da ya fito SS a rubuta sunansa, a haɗa uwarsa da asibitin da zai riƙa bibiyarsa, a sa fenisilin da haidiroksiyuriya cikin magungunan da inshorar lafiya ta jiha ke biya. Ina fata 'yan majalisarmu da Ma'aikatar Lafiya za su ware wa wannan aiki kuɗi a kasafin shekara mai zuwa.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Kano