Alhaji, Ka Bar Injin Iskar Nan, Ka Ƙara Sola

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Lahadi a taron masu gidaje na unguwar Nima a Akra ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: tunda farantan sola huɗu da ke kan rufinka ba sa kai ka asuba, ka sayi injin iska mai fukafukai ka kafa a sama, ko ka ƙara farantai? Kafin in buɗe baki aka kira Magariba. Na ga mutane da dama suna gyaɗa kai lokacin, shi ya sa na kawo amsar fili.

Ka ƙara sola.

Wat 1000 ɗin da ake rubutawa a kwalin injin iska ba ya samuwa sai iska ta kai gudun mita 11 ko 12 a daƙiƙa, irin wadda ke zuwa gaban hadari tana yaye shanya. Lissafin kuma ba shi da tausayi: in gudun ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku, wutar takan koma kashi ɗaya cikin 27. A mita 4 ke nan, dubun nan ba ta kai wat 40 ba. Ƙasa da mita 3 kuwa, ado ne kawai yake yi maka.

Na san abin da ya ja ranka, iskar teku da ke kaɗa labule da la'asar. Amma kafin ta iso Nima ta bugi benaye da tankunan ruwa, ta zo a hargitse, injin ya yi ta waige-waige kamar baƙo a kasuwar Makola. Da dare kuma, lokacin da kake buƙatarta, takan kwanta. Iskar da ake maganar samar da wuta da ita a Gana tana can bakin teku wajen Ada da Anloga, a sarari, a saman doguwar hasumiya.

Na taɓa sauke wani injin iska daga rufin wani gida a unguwar Mamobi. Girgizarsa ta sassauta ƙusoshin kwano, ruwa na ɗiga daidai kan gadon maigidan, ga gurnani duk lokacin da iska ta taso, uwargida ta ce ko shi ko ita.

Faranti ɗaya mai wat 400 kuwa zai ba ka kusan yunit ɗaya da rabi na wuta, irin wanda mita ke ƙirgawa, a wuni a nan Akra, babu abin da ke juyawa balle ya ci boris. Zai ja baya a gajimaren Yuni zuwa Agusta, da hazo daga Disamba zuwa Fabrairu kuma sai yara sun riƙa gogewa da tsumma mai laushi da ruwa.

Sai dai kafin ka kashe sidi ɗaya, ina zargin batiranka. Ka ce tun zamanin dumsor, yawan ɗauke wutar nan na 2015, ka fara harkar nan, ban ji ka ce ka canza su ba. Batirin da ya gaji, ko farantai goma ka jera ba zai riƙe wuta har asuba ba. Zan zo ranar Asabar bayan Azahar da mita in gwada su, in duba ko inbatarka, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama ta gida, za ta ɗauki ƙari. A tanadar mini tsani.

Wassalam,
ƙaninka mai gyaran wuta.