A fara da takardar haihuwa kafin katin zaɓe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili kan maganar da wasu za su ce lokacinta bai yi ba. Tun 26 ga Yuli 2023 sojoji ke riƙe da Nijar, a 2025 kuma aka rushe jam'iyyu, aka ɗiba wa riƙon ƙwarya shekara 5. A ganina yanzu ne ya dace a gyara rajistar masu zaɓe, tun da babu ɗan takarar da zai ce don a kayar da shi ake yi.

Dokar zaɓen da muka yi aiki da ita ta ce duk ɗan ƙasa, mace ko namiji, da ya cika shekara 18 yana da ƙuri'a. To da me zai nuna shekarun nasa? A ƙauyukan Matamai da Magarya da Mirya, haihuwa da yawa a ɗaki ake yin ta, a hannun ungozoma. A yanka ragon suna, a ci, a watse, babu wanda ya je ofishin magajin gari ya rubuta jaririn. Lokacin rajistar 2020, wadda aka ɗauki hoto da zanen yatsu, na ga wata mata a layi da goyo a bayanta. Aka tambaye ta takarda, ta ce ita dai an gaya mata shekarar yunwar El-Buhari (babbar yunwar wajen 1984) aka haife ta. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Wannan rashin takarda ne ya sa a 2016 aka yarda mutum ya yi zaɓe da shaidu biyu, ƴan adawa suka ce ƙofar maguɗi ce. Su ma suna da hujja, amma talakan da ba shi da takarda ba shi ya jawo ba. Kafin zaɓen 2020 alƙalai sun fita ƙauyuka suna bayar da takardu, aka yi wa mutum sama da miliyan 7 rajista. Aiki ne mai kyau, sai dai an yi shi a gurguje. Makiyayin da ya bi dabbobinsa arewa da Tanut da ɗan ci-ranin da ke Kano, wa ya jira su? Ƴan Nijar mazauna waje ma ba su yi zaɓen ba, saboda korona.

Ina roƙon hukumomi da Mai Martaba Sarkin Damagaram su sa masu gari da limamai su riƙa tambayar takardar jariri ranar suna, alƙalai kuma su riƙa zagaya ƙauyuka kowace kaka, bayan an gama girbi, lokacin da mutane ke gida.

Naku,
Mai sauraronku daga unguwar Birni, Damagaram