Wasiƙa zuwa ga Abba kan ciwon zuciyar da ke bin gidanmu

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Maganar nan ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na rubuto. Kakanka da ka ci sunansa bai kai hamsin ba ciwon zuciya ya yi ajalinsa. Baffanka ma yana alwala ya dafe ƙirji, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Kwana ne ya ƙare, ba musu. Amma ni da aka auna jinina, an tarar da kolestarol, wato kitsen jini, mai yawa, irin wanda ake gado. Likita ya shafa jijiyar bayan dunduniyata ya nuna min wani kumburi mai tauri, ya ce kitsen ne ya taru a nan.

Kusan mutum 1 cikin 250 ke da wannan larura. Tun ranar haihuwa hantarsa ba ta iya kwashe mugun kitsen da ake kira LDL yadda ya kamata, sai ya yi ta taruwa a jijiyoyin zuciya ba ciwo ba zazzaɓi. Maza ta fi yi wa sauri: in ba magani, kusan rabinsu kan gamu da bugun zuciya kafin shekara 50. Duk ɗan da na haifa kuma, rabi da rabi ne ya gada ko bai gada ba.

Na san za ka ce kai siriri ne, kana buga ƙwallo. Baffanka ya fi ka rashin jiki.

Ka je a gwada kitsen jininka cikin watan nan. Ka faɗa wa likita shekarun da kakanka da baffanka suka rasu, da abin da aka gano a jikina, don ciwon zuciyar da ya kama namiji kafin shekara 55 ba ƙaramar alama ba ce a wurinsu. A auna hawan jini da suga. In an rubuta maka ƙwayar statin mai rage kitsen jini, kullum ake sha, ba a dainawa don an ji garau, kuma tafarnuwa da zuma ba sa maye gurbinta. Shisha kuwa, don Allah ka rabu da ita, ita ce ta fi tayar min da hankali.

In an same ka da larurar, a gwada jikokina kafin su cika shekara 10. Ka kama ƙannenka ku tafi tare, har matan. In sakamako ya fito ka kira ni da kanka. Mahaifiyarka na gaishe ka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka