Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin manhajar gyaran bayanan waƙoƙi: ku nuna mana kafin ku rubuta

Zuwa ga shugabannin kamfani da injiniyoyinsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu masu sana'ar tura waƙa da karatu da wa'azi ne a waya da memori a garin Jos, daga Terminus zuwa titin Bauchi da Farin Gada, tare da wasu masu sa kiɗa a wuraren biki. Abin da ya sa muka biya kuɗin manhajarku shi ne alkawarin da ke cikin tallarta: za ta share sunayen shafukan intanet da ake cusawa cikin waƙoƙi, ta daidaita sunan mawaƙi, ta sa wa kowace waƙa hotonta. Buƙatar kuwa ta gaskiya ce, don waƙar da aka sauke takan zo da sunan shafi a gurbin take, a gurbin kundi, a gurbin sharhi, ga kuma tambarin shafin a matsayin hoto. Sai dai garin neman gira ana ta rasa ido. Ƙorafin da muka aika ta adireshinku amsa ɗaya yake samu: a cire manhajar a sake sa ta. Wannan ba ya dawo da fayil ɗin da aka riga aka ɓata, shi ya sa muka fito fili.

Babbar ɓarnar tana kan haruffanmu masu ƙugiya. Bayanan da ke cikin fayil ɗin MP3 ana ajiye su ne da tsarin ID3. Nau'in 2.3, wanda ya fito a 1999, yana karɓar rubutu ta hanya biyu, ISO-8859-1 ko UTF-16. Ta farkon an yi ta ne don harsunan yammacin Turai, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinta, ita kuma manhajarku ta zaɓa ba tare da ta tambayi kowa ba. Sai "Ɗan" ya koma "?an", "waƙa" ta koma "wa?a". Ba a fuskar waya kaɗai matsalar ta tsaya ba, alamar tambayar ce aka rubuta a cikin fayil ɗin, harafin asali ya tafi ke nan. Mai saye ya zo yana neman ƙasida, a rubuta kalmar a wurin bincike, kwamfuta ta ce babu, alhali ga ɗaruruwansu a cikin folda.

Da kuka sabunta manhajar sai kuka kwashe komai kuka mayar nau'in 2.4 da UTF-8. A kwamfuta haruffan sun fito daidai, mun yarda. Amma rediyoyin mota da yawa, da ƙananan wayoyi masu madannai, da sifikun da ake sa wa memori, 2.3 suka sani. Sai direba ya dawo da filashinsa yana cewa babu suna ko ɗaya da ke fitowa. Hatta shekara takan ɓace, domin a 2.3 gurbinta TYER ne, a 2.4 kuma TDRC. Maganin ba ɓoyayye ba ne: 2.3 tare da UTF-16 a matsayin zaɓin farko, wanda ke son 2.4 ya zaɓa da hannunsa. Mp3tag da MusicBrainz Picard, manhajojin gyaran bayanan waƙoƙi da ake sauke su kyauta a Windows, duk suna ba da wannan zaɓi.

Akwai kuma tsohon ID3v1, bayit 128 da ke maƙale a ƙarshen fayil, mai ɗaukar harafi 30 kacal a take da sunan mawaƙi da kundi. Manhajarku ba ta taɓa shi. Na'urar da ke karanta shi sai ta ci gaba da nuna sunan shafin da aka ce an share. Ko a goge shi, ko a daidaita shi da na sama.

Ɗan waƙafin sama ma bai tsira ba. A Hausa harafi ne, ba ado ba. Manhajar tana share shi a 'yar da 'ya'ya, wani lokaci kuma ta ɗauka sabuwar kalma ce ta fara bayansa, ta rubuta Wa'Azi da Alƙur'Ani.

Abin da ya fi ba mu kunya a gaban masu saye shi ne gane waƙa da kanta. Mun san yadda aikin yake: ana ɗaukar sawun sautin a kwatanta da rumbu irin na AcoustID da MusicBrainz, waɗanda masu sa kai ke cikawa. Kaso mai yawa na abin da ke hannunmu ba ya can: waƙoƙin makaɗan gargajiya da aka kwafo daga kaset, ƙasidu, tafsirin watan azumi, waƙoƙin finafinan Hausa. Wannan ba laifinku ba ne. Laifinku shi ne idan sawun bai dace da komai ba, manhajar ba ta cewa ban sani ba. Sai ta koma kintace da sunan fayil da tsawon mintuna, ta ɗauko abin da ya fi kusa, ta rubuta. Ta haka ake samun karatun sura ɗauke da sunan wani kundin ƙasar waje, da hoton mace cikin shigar da ba ta dace ba. Dattijo ya karɓi wayarsa, ya danna karatu a gabanmu, wannan hoton ya cika masa fuskar waya. Ba ya ganin kamfani a wurin, mai shago yake gani. Idan tabbacin dacewar bai kai ba, a bar fayil yadda yake, a jera shi gefe mutum ya duba. Ku kuma ba da hanyar keɓe folda gaba ɗaya daga binciken intanet.

Waƙoƙin fim suna da nasu tsari, wanda ga alama ba ku taɓa zama da wanda ya san shi ba. Fim ɗaya na iya ɗaukar waƙa shida, kowacce da masu rera ta daban. Sunan fim shi ne kundi, masu rerawa suna shiga TPE1, wato gurbin sunan mawaƙi, sannan TPE2, gurbin sunan mai kundi, ya zama suna ɗaya a dukkan shidan don su zauna tare. Manhajarku tana kwafe TPE1 ta zuba a TPE2, sai kundi ɗaya ya tarwatse gida shida. Inda kuma ta share sunan shafi daga gurbin kundi ta bar shi fanko, wasu manhajojin sauraron waƙa a waya suna tara irin waɗannan a kundi guda marar suna, su ɗora musu hoto ɗaya. Mafi sauƙi ta cike gurbin da sunan foldar da waƙar ke ciki. Haka lambobi: surori 114 ne, don haka sunan fayil sai da lamba uku, 001 zuwa 114. Da kuka cire sifirin gaba, na'urar da ke jerawa harafi bayan harafi sai ta tashi daga 1 ta faɗa 10, 100, 101, Baƙara tana can ƙasa.

Sai hotuna. Kuna cusa hoto mai piksel 3000 sau 3000, galibi PNG, a cikin kowane fayil. Waƙar minti 5 a 128 kbps ba ta kai MB 5 ba. Idan hoton ya kai MB 4, waƙa 2,000 sun ƙara nauyin GB 8 ke nan, rabin memori mai GB 16 ya tafi a hoton da za a kalla a fuskar da ba ta kai tafin hannu ba. JPEG mai 500 ko 600 a kowane gefe ya wadatar, nauyinsa bai cika wuce KB 100 ba. Ya kuma zama nau'in baseline, domin rediyoyin mota da yawa ba sa buɗe progressive. Sannan APIC, wato gurbin hoto a cikin fayil, yana ɗaukar hoto fiye da ɗaya. Manhajar tana ƙara sabo ne a bayan tsoho maimakon ta maye shi, na'urar da ke ɗaukar na farko kuwa tambarin shafin za ta ci gaba da nunawa. A cire tsohon, a sa sabon da lamba 3, wato hoton gaban kundi.

Duk waɗannan da sauƙi da a ce akwai hanyar komawa baya. Babu. Manhajar ba ta nuna tsohon bayani kusa da sabo kafin ta adana, ba ta ajiye kwafi, kuma a kan fayil ɗin asali take rubutu kai tsaye. Bayanan ID3v2 a farkon fayil suke, idan sabon hoto ya fi ƙarfin sararin da aka bari sai an sake rubuta fayil ɗin dukansa. A ɗauke wuta a daidai lokacin, ko memori ya motsa a ramin karantawa, an rasa waƙar. A nan ɗauke wuta ba labari ba ne. Hanyar da aka sani ita ce a rubuta fayil na wucin gadi, a tabbatar ya kammala, sannan a sauya masa suna.

Masu sa kiɗa a cikinmu sun fi kowa asara. Serato, manhajar da masu sa kiɗa ke aiki da ita, tana ajiye alamomin wuraren shiga waƙa a gurbin GEOB na cikin MP3. Manhajarku tana share duk gurbin da ba ta gane ba, aikin da mutum ya yi waƙa bayan waƙa ya tafi a danna ɗaya. Sauya sunan fayil kuma yana kashe jerin waƙoƙi na m3u, tunda hanyar fayil yake riƙewa. Ranar gyaran fayil ma tana komawa ta yau, sai a kasa bambance sababbin waƙoƙi da tsofaffi, alhali mai saye da "sababbi" yake fara tambaya.

Abin da muke nema ke nan. Kafin komai ku dakatar da rubutu kai tsaye, ku sa allon da ke nuna tsoho da sabo, da maɓallin warwarewa da ke aiki ko bayan an rufe manhajar. Ku daina taɓa gurbin da ba a ce ku taɓa ba. Ku gwada sabuntawa ta gaba a kan folda ta Hausa, a rediyon mota da ƙaramar waya, ba a kwamfutar ofis kaɗai ba. Muna iya haɗa muku foldar gwajin. Wanda ya biya kuɗin wata ko na shekara tun daga sabuntawar nan kuma a mayar masa da kuɗinsa idan ya nema. Muna jiran amsa a rubuce cikin kwana 14, wadda ta faɗi abin da za a gyara da lokacinsa. In ba ta zo ba, za mu kai ƙorafin gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, a Abuja, tare da fayilolin kafin gyara da bayansa.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu tura waƙa da masu sa kiɗa, Jos