Wasiƙa a Kan Tsofaffin Takardun Kulob Ɗinmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kamar yadda muke nan lafiya ƙalau. Ka yi mini afuwa kan dogon shirun da na yi. Wannan karon ma wani aiki ne ya taso, wanda ba zai kammalu ba sai da hannunka a ciki.

A taron ƙarshen shekara kwamiti ya ɗora mini nauyin tattara tarihin kulob ɗinmu na jiragen ruwa. Aka miƙa mini mabuɗin ɗakin ajiyar nan na bayan rumfar jirage, inda muke jibge igiyoyi da rigunan ruwa. Can ƙurya na tarar da akwatunan ƙarfe uku. Biyu lafiya lau suke. Na ukun kuwa ruwan sama ya daɗe yana ɗiga a kansa ta wata ɓula a kwanon rufi, takardun ciki sun manne da juna, tawada ta narke, gara kuma ta cinye gefe guda. Wallahi sai da na zauna a ƙasa na yi tagumi. Mako uku na yi ina ɓare su falle-falle da bakin wuƙa, ina shanyawa a inuwa.

Alhamdulillahi, littafin taro na farko ya tsira. Ka san yadda muke ɗaukar waɗanda suka kafa kulob ɗin a matsayin wasu manyan mutane masu hannu da shuni? Ashe ba haka ba ne. A shafin farko an jera sunayensu, kowa da abin da ya kawo: wannan tsohon jirgi, wancan zarto da guduma, wani kuma shi ya yi ta zirga-zirga har aka ba su izinin amfani da gaɓar. Ba su da ɗaki ko rumfa. Shafuka da yawa bayan haka rigima ce zalla tsakanin masu jiragen filafili da masu jiragen inji. Masu filafili na kukan cewa igiyar ruwan da inji ke tayarwa tana kifar musu da yara, masu inji na cewa su ne ke zuwa ceto idan an kife. Sulhun da aka yi shi ne tushen dokar nan da muka taso muka tarar, cewa ba a fara tsere sai jirgin ceto yana kan ruwa. Shekara nawa muka yi muna bin ta ba mu san daga faɗa ta fito ba.

Wannan ya sa na koma karatu, don in ga inda ƙaramin kulob irin namu ya tsaya a cikin babban labarin. Tuƙa jirgi don nishaɗi ya fara ne a matsayin wasan sarakuna. A 1660 mutanen Holan suka ba Sarki Charles na Biyu na Ingila kyautar jirgi mai suna Mary, a 1661 kuma ya yi tsere da ƙanensa James a Kogin Thames, daga Greenwich zuwa Gravesend su dawo. Kulob ɗin da ake ɗauka ya fi kowanne tsufa shi ne na Cork a ƙasar Ailan, wanda aka kafa a 1720, kuma dokarsa ta taƙaita membobi ga mutum 25 kacal. Shahararren nan na garin Cowes a Ingila, Royal Yacht Squadron, an kafa shi a 1815, sharaɗin shiga kuwa sai kana da jirgin da bai gaza tan 10 ba. Sai a 2013 suka kaɗa ƙuri'ar karɓar mata a matsayin cikakkun membobi. Da a ce al'amarin ya tsaya a haka, da ni da kai ba mu taɓa riƙe igiyar filafili ba.

Abin da ya fara buɗe ƙofar ƙanƙane ne. A 1886, a gaɓar Dublin, wani mutum mai suna Thomas Middleton ya kawo shawarar a ƙera ƙananan jirage iri ɗaya, girma ɗaya, filafili ɗaya, ta yadda mai kuɗi ba zai sayi nasara da babban jirgi ba, sai dai gwanintar hannu da sanin iska su raba gardama. Jirgin shi ne Water Wag, har yau ana tsere da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ga filawud mai jure ruwa da gam mai ƙarfi sun wadata. A 1947 Clark Mills ya zana jirgin Optimist a garin Clearwater na jihar Florida ta Amurka, ɗan akwatin nan da bai kai mita biyu da rabi ba, wanda yaro zai tuƙa shi kaɗai. Jack Holt a Ingila ya fito da GP14, ya biyo da Enterprise a 1956. A 1962 kuma shi da Barry Bucknell suka zana Mirror, da goyon bayan jaridar Daily Mirror, shi ya sa filafilinsa ja ne kamar tambarin jaridar. An ƙera fiye da 70,000.

Ka tuna namu Mirror ɗin? Yana nan a kife a bayan rumfa, fenti duk ya ɓaɓɓake. Ranar Asabar na sa yara biyu muka juya shi. Na shafa cikinsa da tafin hannu, sai na ji layin ƙananan ƙulle-ƙulle a ƙarƙashin fenti, a daidai mahaɗar katako. Ragowar wayar jan ƙarfe ce. Haka ake haɗa shi: a huda gefen falle biyu na filawud, a ɗinke su da waya kamar yadda baduku ke ɗinkin fata, sannan a bi mahaɗar da ƙyallen faibagilas da gam. Ba ya buƙatar gwanin kafinta. A littafin taron na ga inda aka rubuta cewa membobi ne suka haɗa shi da hannunsu a ranakun hutu, aka kuma ware shi don koyar da 'ya'yan da iyayensu ba su da jirgi. Mu ne waɗannan 'ya'yan, aminina. Na karanta layin nan ya fi sau biyar.

A nan ne na zo kan abin da ya fi damuna. Allon katakon da ke rataye a zaure, mai sunayen shugabanni da ruwan zinare, da kofunan da ke cikin kabad, su kowa yake nuna wa baƙo idan an ce tarihi. Na duba allon daga sama har ƙasa, babu sunan Baba mai gyara. Amma da na buɗe littafin ayyuka, rubutun hannunsa ne a kusan kowane shafi, shekara bayan shekara: ya toshe ɓula, ya sauya igiya, ya ɗinke filafili, ya fito da dare ya ƙara ɗaure jirage saboda hadari ya haɗo. Shugabanni suna zuwa suna wucewa, shi yana nan.

Shi ya koya mana abin da na kasa ganewa da farko, wato yadda jirgi ke tafiya wajen da iska ke fitowa. Na ce masa ba zai yiwu ba. Ya ɗauki ƙwallon sabulu jiƙaƙƙe, ya matse shi tsakanin yatsu biyu, ya tsullo gaba. Ya ce yatsa ɗaya iska ce a jikin filafili, ɗayan kuma ruwa ne a jikin allon da muke zurawa ta tsakiyar jirgi, jirgin ba shi da mafita sai gaba. Ba ka fuskantar iska kai tsaye, ka karkace mata kamar digiri 45, ka yi tafiya, ka juya ta ɗaya ɓangaren, haka har ka isa. Kuma bai yarda mu fita mu kaɗai ba sai da ya sa muka kifar da jirgin da gangan, muka taka allon muka miƙar da shi, sau uku a jere. Kai ka yi kuka a na biyu, ya ce ka share hawaye ka koma, ka kuwa koma. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa.

Na faɗa wa kwamiti cewa babin farko na littafin tarihin zai kasance a kan irinsu: shi, da matar nan da ta riƙe littafin kuɗi shekara da shekaru ba ta karɓi lada ba, da waɗanda ke zama cikin jirgin ceto a rana tun safe don 'ya'yan wasu su yi wasa cikin aminci. Wasu sun so a fara da kofuna. Na tsaya kai da fata, aka bar ni.

Matsalar ita ce akwatin da ya lalace shi ne mai ɗauke da shekarun ƙuruciyarmu, kuma ko hoton Baba ɗaya ban samu ba. Na tuna kai ne mai kyamara a cikinmu. Don Allah ka bincika kayanka. Akwai wanda ka ɗauke shi yana zaune a kan kifaffen jirgi da allura a baki, ina ganinsa a idona har yanzu. In ka same shi ka ɗauka da waya ka turo, gaba da baya, ko ka rubuta wani abu a bayan. Sannan ka zauna ka rubuta mini duk abin da ka tuna, kome ƙanƙantarsa: wa ya fara kai ka, wane jirgi ka fara hawa, me Baba ke cewa in ya ga an naɗe igiya ba daidai ba. Kada ka tsaya gyara, ni zan shirya.

Mirror ɗin kuma mun yanke shawarar farfaɗo da shi. Ƙasansa na buƙatar sabon falle, amma jigon da allon suna da ƙwari. Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ta riga ta ce ita za ta fara tuƙa shi, kullum tana zuwa da takardar goge katako a aljihu. In Allah ya kawo ka hutu, zan ajiye maka gefe guda na ɗinkin.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Mutanen rumfa duk suna gaishe ka.

Naka har kullum,
Amininka