Injin mota daban, injin jirgin ruwa daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana makanikai da kuma samarin da suka dame ni a WhatsApp wai in nemo masu tsohon jirgin ruwa na gwanjo a nan Amurka tunda sun ga hoto sun ga araha, wai ko injin ya mutu ba komai ai za a ɗora masa na Beljiyam. Ni a Kano na koyi aiki, yanzu ina jihar Minesota, inda aka ƙirƙiro wasan sulu a kan ruwa a 1922 a tafkin Pepin, kuma wannan lissafin nasu ni ma na taɓa yin shi, na sha kunya.

Wani abokin aikina ne ya sayi Ski Nautique ƙirar 1986, irin jirgin da ke jan mutum da igiya yana sulu a baya. Injinsa a tsakiyar jirgin yake cikin akwati, Ford 351 mai silinda takwas wanda kamfanin PCM ya gyara don ruwa. Da na zaro sandar gwada baƙin mai sai na ga ya koma kamar shayi mai madara, nan take na san ruwa ya shiga. Shi wannan inji ba shi da lagireto, ruwan tafkin yake zuƙa ya zagaya cikinsa ya fita ta salansa, to mai shi na da bai tsiyaye ruwan ba kafin sanyi, ruwa ya daskare a ciki ya tsaga bulok ɗin, tsagar har farce yana shiga.

Na ce masa kwantar da hankalinka, ai 351 ɗin nan shi ne a tsofaffin a-kori-kura na Ford, muje wajen masu yanka motoci mu ɗauko ɗaya, kwana biyu mun gama. Muka ɗauko kuwa. Sai da muka ajiye su gefe da gefe na lura kik ɗin jirgin baya yake juyawa. Ashe injin gaba ɗaya juyin baya yake yi, saɓanin na mota, saboda ɓangaren da farfelarsa ke juyawa. Kamshaf daban, haƙorin distiribita daban, sil ɗin baya daban, hatta jerin wayoyin filogi na mota 1-3-7-2-6-5-4-8 ne, na jirgin kuma 1-8-4-5-6-2-7-3, wato ka karanto shi daga ƙarshe. Ni da shekaruna a gareji na tsaya ina kallon inji kamar yaron da aka kawo koyo jiya.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba, maganar gobara ce. A mota in fetur ya ɗiga ƙasa yake zuba iska ta kwashe. A jirgi ba inda za shi, tururinsa ya fi iska nauyi sai ya kwanta a ƙasan jirgin ƙarƙashin inji yana jira, tartsatsi ɗaya daga kik ko altaneta na mota ya isa. Shi ya sa kik da altaneta da distiribita na ruwa duk a toshe suke yadda tartsatsi ba zai fito ba, kafiretonsa ma in ya yi ambaliya cikin injin yake mayar da man, ba waje ba, sannan akwai fanka mai fitar da tururin da ake kunnawa minti huɗu kafin a yi ki. Mu da muka saba da "haɗa kawai zai yi", wallahi a nan ba zai yi ba, kuma a tsakiyar ruwa ba gefen titi da za ka faka ka diro.

Ƙarshe dai bulok ɗin a-kori-kurar kawai muka amfana da shi. Aka kai wajen masu injin gogewa suka gyara silinda, muka sa sabon fistin da ringi da metal, muka cire marfin ramukan ruwa na ƙarfe muka sa na tagulla don tsatsa, sauran kaya duk na tsohon injin muka kwaso. Manifol ɗin salansa kam sabo muka saya, don shi ma ruwa ke bi ta cikinsa kuma in ya ci daga ciki ba ka gani, zai zuba ma sabon injinka ruwa a silinda ka dawo gidan jiya.

Muna murna za mu ɗora, na sa sifana a kusoshin da ke riƙe kujerar inji, sai juyawa suke ba sa kamawa. Katakon da ke kwance a ƙasan jirgin ya ruɓe, na tura sukundireba ya shige kamar cikin dafaffen rogo, jiragen wancan zamanin da katako ake masu ƙashin baya a lulluɓe da faiba. Wannan aikin ya fi na injin cin lokaci da kuɗi, sai da muka ɗaga daɓen gaba ɗaya. Bayan nan ga saita inji da shaf ɗin da ke juya farfela, inda gocewar da aka yarda da ita ba ta wuce inci 0.003 ba, yini guda na yi a durƙushe da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, ina ɗaga nan ina sauke can.

Kwana biyun da na yi alkawari sai da ya zama wata biyar, abin da aka kashe kuma ya haura kuɗin da ya sayi jirgin. Masu cewa in turo masu, ku fara tambayar kanku wa ke da kamshaf mai juyin baya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Naku,
Wani makanike daga Minesota, Amurka