Sanarwa: Bitar Asabar a kan lantarkin zuciya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Bitarmu ta Asabar tana nan a Samaru, bayan La'asar, inda muka saba haɗuwa. Ga abin da kowa zai duba kafin ya zo.

Zuciya da kanta take kunna wutarta, daga kullin SA, wato tarin ƙwayoyin halitta masu fara bugu, da ke ɗakinta na sama na dama. Da za a bar shi ba linzami, zai riƙa bugawa wajen sau 100 a minti. Jijiyar bagus, mai saukowa daga ƙwaƙwalwa, ce ke ja masa birki: tana sakin sinadarin asetilkolin, ya kama makarɓar M2 (wurin da yake maƙalewa a jikin ƙwayar kullin), ƙofofin fotasiyam su buɗe, fotasiyam ya fice, cajin lantarkin cikin ƙwayar ya ƙara yin ƙasa. Sai ta ɗauki lokaci kafin ta kai matakin da wutar bugu ke tashi. Haka kuma cAMP, sinadarin da ke kai saƙo a cikin ƙwayar, na raguwa, shigar sodiyam da kalsiyam ta yi sanyi. Nan ne, a ganina, aka fi ruɗewa, don haka za mu daɗe a kai.

Sinadarin noradirenalin kuwa akasin haka yake yi ta makarɓar beta-1: cAMP ya hau, bugu ya yi sauri, saƙo ya ratsa kullin AV, mashigar saƙo daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa, da wuri.

Ku duba gwajin masanin kimiyya Otto Loewi na 1921 da zukatan kwaɗi guda biyu, sannan ku zo da amsa: me ya sa ake ba mai jinkirin bugun zuciya maganin atirofin?

Kowa ya taho da takarda da biro, za mu zana. Don Allah a daina turo tallan data a nan.